Ɗan Ƙwaya da Mai Allurar Barci

"Ba zan ba kura ajiyar nama ba, Twila, ko da kurar nan ta yi baftisma sau goma."

Mama Verna ce ta faɗi haka tana yanka burodin masara a kan teburin kicin, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ranar Lahadi ce, dawowarsu daga coci ke nan, ko takalman fita ba su cire ba.

Twila ta ajiye tukunyar waken da ke hannunta a hankali.

"Mama, Royce ba kura ba ne, mutum ne. Shekara huɗu rabon da ya kai ƙwaya bakinsa. Duk mutanen Slate Fork sun shaida."

"Su shaida mana, ai ba su binne kowa ba. Ni abin da na shaida kabarin ɗana ne."

Babu wanda bai san labarin ba a kwarinmu. Denny, yayan Twila, da Royce Mullins tare suka taso, tare suka bar makaranta, tare suka shiga ramin haƙar kwal. Tare kuma rufin rami ya rufto musu, Denny ya karye a ƙugu, Royce ya ji ciwo a gadon baya. Likita ya rubuta musu ƙwayar kashe zafi. Ciwo ya warke, ƙwaya ta ƙi sakinsu. Da takardar likita ta ƙare sai suka koma saye a bayan gidan mai. Wata safiya aka tsinci gawar Denny a cikin motarsa.

Royce yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar. Daga maƙabarta bai biya gida ba, ya kai kansa inda ake raba mutane da ƙwaya. Ya dawo ya zama kafinta, mai shiru, mai cika alkawari. Amma Mama Verna ba ta taɓa yafe masa ba, shi ya rayu nata ya mutu.

Ita kuwa Twila nas ce, ta yi shekaru a sashen marasa lafiyar da ke tsakanin rai da mutuwa. Yanzu tana shekarar ƙarshe ta karatun dokta a fannin sa barci don tiyata, a jami'ar da ke can birni. Karatu ne da ba ya barin mutum ya riƙe wani aiki, ba ya barinsa ya yi barcin kirki. A duk zuriyarsu ta Caudill babu wanda ya taɓa wuce sakandare sai ita.

Mama Verna ta ajiye wuƙa, ta dube ta.

"Ke da bakinki kika gaya min cewa maganin da kike ɗura wa mutane a ɗakin tiyata shi ne dai wanda ya kashe Denny. Kullum yana hannunki. Sai ki tashi aiki ki dawo ki rataye rigarki a ɗakin mutumin da ya san daɗinsa?"

"Ba a fita da shi daga asibiti, Mama."

"Au, ba a fita da shi? To na bayan gidan mai daga sama yake faɗowa?"

Hawaye ya cika idon Twila.

"Kin san ba shi ya ba Denny ba. Kin san ya sha zuwa ƙofar nan yana roƙonki gafarar laifin da ba nasa ba. Me kike so ya yi? Ya mutu shi ma, sannan hankalinki ya kwanta?"

"Kul! Kada ki sake gaya min wannan magana a kicin ɗina." Muryar tsohuwar ta karye. "Ni 'ya ɗaya ta rage min. Dube ki, kin rame kin koma kamar sillen kara saboda karatun nan. Saura ƙiris ki gama, sai ki ɗauki duk wahalar ki ajiye a hannun ɗan ƙwaya?"

Ƙarar mota a tsakar gida ta katse su. Mama Verna ta yi sauri ta share ido da bakin rigarta ta girki, fuskarta ta washe kamar ba ita ba.

"Ga Garrett nan. Ni na gayyace shi. Ki saki fuska, don Allah."

Garrett Ratliff shi ke da babban kantin magani na garin, ɗan dattijon coci ne, yana kuma cikin kwamitin da ke kula da ƙaramin asibitinmu. Tun suna sakandare yake son Twila, bai taɓa ɓoyewa ba, bai kuma taɓa fushi da ƙin da take masa ba. Wannan haƙurin nasa ne ma ya fi ba ta tsoro.

Ya shigo riƙe da furanni.

"Mis Verna, ƙamshin waken nan tun daga bakin gada ya kamo ni ta wuya. Sannu da zuwa, Dakta."

"Ban zama ba tukuna, Garrett."

"Za ki zama. Gurbi ma na jiranki a asibitinmu, na riga na yi magana. Matan kwarin nan sun gaji da tsallake dutse da naƙuda don babu mai yi musu allurar barci."

Suka zauna, aka yi addu'a. Mama Verna tana ta ƙara masa wake tana faɗin, "Garrett ya san magani, ya san doka, ya san nauyin da ke kanki. Irin wannan mutum ba ya jawo wa mace abin magana."

Twila ta yi ta juya cokali, ko loma biyu ba ta iya haɗiyewa ba. Da aka gama ta ɗauki jakarta, ta sumbaci mahaifiyarta a kunci, ta ce hanya na da nisa.

*

A ƙarshen layinsu, inda Mama Verna ba ta hango mutum daga taga, a-kori-kurar Royce tana tsaye a inuwar bishiya. Nan ne iyakarsa, ba a yarda ya taka tsakar gidan ba.

Ta fito daga motarta. Ya duba fuskarta sau ɗaya ya gane.

"Yau ma kura ce ni, ko an yi min ƙarin girma?"

Ta yi dariya cikin kuka, ta kifa kanta a ƙirjinsa.

"Ka daina, Royce."

"Na ga motar Garrett ta wuce. Har da furanni. Ni da na kawo miki man juye da sabon abin goge gilashin mota, ina zan kama ƙafarsa?"

"Kai da ƙofar motarka sai an yi mata shuri take buɗuwa."

"Ke kuma mai sa jama'a barci, naki ya gagare ki." Ya ɗago haɓarta. "Ranar Alhamis da na kawo miki abinci asibiti, tsoro kika ba ni, Twi. Kina tsaye kina layi kamar za ki faɗi. Na rungume ki na ji kamar na riƙe tsuntsu."

"Tiyata ce ta yi yawa. Saura kaɗan na gama."

"Ki gama ɗin. Ni ba inda za ni. Rufin gidan Kaka da nake gyara mana ya kusa kammaluwa, kafin ki karɓi takardarki na sa tagogi. Mis Verna kuma ki bar ta. Uwa ce, tana da gaskiyarta."

"Har yaushe za mu yi ta haɗuwa a bakin hanya kamar ɓarayi?"

Ya buɗe gaban motarta ya zuba mata man juyen, ya goge hannu a wando, ya tsaya yana ɗaga mata hannu har ta sha kwana.

*

Washegari da safe tana cikin sa kayan ɗakin tiyata aka ce Dakta Hollis na nemanta a ofis, yanzu-yanzu.

Dakta Hollis ita ce shugabar sashen karatunsu, dattijuwa mai furfura wadda ta shafe rabin rayuwarta a kan kujerar da ke saitin kan majinyaci. Ba ta da wasa, amma Twila ta san tana ji da ita.

"Zauna, Mis Caudill. Rufe ƙofar."

Twila ta rufe ƙofar ta zauna.

"Ranar Alhamis kin ɗebo fentanil, maganin kashe zafin nan mai ƙarfi, don tiyatar wani tsoho. Kin yi amfani da rabi. Ina sauran?"

"Na zubar, Dakta. A gaban Mista Beck, malamin da ke kula da ni ranar."

"Mista Beck ya ce bai tuna ba. Ya ce kafin ku gama aka kira shi ɗakin haihuwa da gudu. Kin san ƙa'ida, ragowar maganin nan ba a zubar da shi sai da shaida. Babu shaida, babu sirinji."

Twila ta yi ƙoƙarin tuno ranar. Ta tuna tsohon, ta tuna ƙarar na'ura, ta tuna Mista Beck yana cire safar hannu yana gudu. Ta tuna kanta tsaye a gaban kwandon zubar da magani. Amma ranar Alhamis ce ko Laraba? Kwanakin duk sun cakuɗe mata, kowace rana kamar 'yar'uwarta.

"Ina jin na zubar."

"Kina jin kin zubar." Dakta Hollis ta cire tabarau ta murza ido. "Da a ce iyakar maganar ke nan, da gargaɗi zan yi miki, a gwada fitsarinki, ki koma aiki. Irin wannan kan faru da gajiyayyen ɗalibi. Amma masu gadi sun duba kyamara. Daga ɗakin tiyata kin fita wurin ajiye motoci da rigar aiki a jikinki. Wani mutum ya rungume ki. Wane ne?"

"Wanda zan aura ne."

"Royce Mullins."

Twila ta ɗago a razane.

"Ina kika san sunansa?"

"Kwanakin baya wata mata ta kira ofishin nan. Ta tambaya ko ɗalibar da ta auri tsohon ɗan ƙwaya za ta iya samun lasisi. Ta faɗi sunanki, ta faɗi nasa. Na ce mata doka ba ta hana kowa auren kowa ba, na ajiye waya. Amma dole na sanar da na sama da ni, aikina ne. Yanzu kuma ga wannan."

"Dakta, shekararsa huɗu da dainawa! Abinci ya kawo min. Ko ƙofar asibitin bai shiga ba."

"Na yarda da ke, Twila. Ni kaɗai ce dai ba na yanke hukunci. Za a gwada ki yau. Daga nan an dakatar da ke daga shiga ɗakin tiyata har kwamitin ladabtarwa ya zauna ranar Juma'a. Idan suka ce magani ya fita ta hannunki, ba karatun nan kaɗai ba, har lasisinki na nas yana iya tafiya."

"A gwada shi! Zai zo, na rantse zai zo da ƙafarsa."

"Ba ɗalibinmu ba ne, ba ma'aikacinmu ba. Ko ya kawo sakamako fari tas, wani zai ce ai kwanaki sun wuce, wani ya ce sayarwa ya yi." Ta dubi Twila. "Za su tambaye ki me ke tsakaninku yanzu. Ba zan gaya miki abin da za ki ce ba. Amma kwamiti mutane ne, mutane kuma suna da tsoro."

Twila ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo.

"Matar da ta kira, muryar tsohuwa ce?"

Dakta Hollis ta mayar da tabaranta, ta sunkuyar da kai kan teburinta.

*

Da hantsin Talata ta iso Slate Fork. Ta tarar da Mama Verna a baranda tana ɓarar wake a cinya.

"Lafiya? Me ya dawo da ke tsakiyar mako?"

Twila ta tsaya a ƙasan matakala, ba ta hau ba.

"Mama, ke kika kira makarantarmu?"

Hannun tsohuwar ya tsaya cak.

"Tambaya kawai na yi."

"Ya Ubangiji." Twila ta durƙushe a kan matakala. "Ya Ubangiji, Mama!"

"Tambaya na yi, 'yar nan! So nake su gaya min haramun ne, in zo in gaya miki, ko kya ji maganarsu tunda tawa ba ta shiga kunnenki. Suka ce babu laifi, na yi shiru. Me ya faru? Gaya min, me ya faru?"

Twila ta kwashe komai ta gaya mata. Kwanon wake ya zame daga cinyar Mama Verna ya watse a katako, ba wadda ta kula.

"Ni na ja miki? Ni?" Ta dafe ƙirji. "Bari in kira su in ce ƙarya na yi. In ce tsufa ne, in ce na ruɗe."

"Ba ƙarya kika yi ba, Mama. Shi ya sa ba za ta janyu ba."

Suka zauna suna kuka, uwa a sama 'ya a ƙasa, babu mai rarrashin wata. Can Mama Verna ta sauko ta riƙe kafaɗunta, ta yi ƙasa da murya.

"To amma Twila, tsakaninki da Allah, kin tabbata ba shi ya zare daga aljihunki ba?"

"Mama!"

"Denny ma a jakata ya riƙa zarar ƙwayar ciwon gwiwata. Yana rungume ni yana cewa Mama ina sonki, hannunsa na cikin jakar. Kuma da gaske yake sona, ba ƙarya yake ba. Ke ba ki san abin nan ba yadda na san shi."

Twila ta toshe kunnuwanta da tafin hannu, amma maganar ta riga ta shige.

Ba a jima ba sai ga Garrett, ashe Mama Verna ta lallaɓa ciki ta kira shi. Ya saurari komai a tsaye, hularsa a hannu. Babu alamar murna a fuskarsa.

"Na san irin kwamitocin nan," ya ce. "Ba rabin sirinji ne damuwarsu ba, gobe suke tsoro. Ina da lasisin magani mai tsabta, asibitinmu kuma na buƙatarki. Zan je ranar Juma'a in tsaya miki, in ce mun san ki, mun yarda da ke, za mu ɗauke ki aiki. Maganata tana da ɗan nauyi a wurinsu."

"Na gode, Garrett."

"Amma idan suka tambaye ni maganar Royce, ba zan iya rantsuwa a kansa ba. Ke ma kin san ba zan iya ba. Idan kuma kika ce musu har yanzu auren na nan, to ko gwamna ne ya tsaya miki ba zai yi amfani ba."

"Sai in ce musu me? In ce kai zan aura?"

Ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi ja.

"Ban ce ba. Ban kuma ce ba na so ba. Na daɗe ina jira, Twila, ƙarin jira ba zai kashe ni ba."

Mama Verna ta kama hannunta ta ƙanƙame.

"Ki ji tausayina. Na binne ɗaya. Kada ki sa in ga rushewar ɗayar, kuma da hannuna."

Twila ta zare hannunta a hankali, ta nufi mota.

*

Rana tana tsaka lokacin da ta isa tsohon gidan kakan Royce, wanda yake gyara musu a kan tudu. Yana saman rufi yana buga kwano. Da ya hango ta ya sauko da sauri, yana murmushi, gumi na zuba daga goshinsa.

"Wace ce wannan ta gudo daga makaranta? Zan kai ƙara."

Ba ta yi dariya ba. Murmushin ya gushe.

A tsakar fili suka tsaya, ta gaya masa. Bai katse ta ba ko sau ɗaya. Da ta kai kan maganar waya ya tambaya, "Wa ya kira?"

"Mama."

Ya gyaɗa kai, ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ba ta yi min ƙazafi ba ai. Abin da nake, shi ta faɗa." Ya share gumi da hularsa. "Zan je. Su ɗebi jinina, su ɗebi fitsarina, su aske min kai in suna so."

"Na ce musu haka. Sun ce ba zai wanke ka ba."

"To in tsaya a gabansu in yi rantsuwa."

"Rantsuwar wa za su karɓa, Royce?"

Ta so ta haɗiye maganar, amma ta riga ta fita.

"Ke fa, Twi? Kin tuna kin zubar?"

"Ban tuna ba." Kuka ya ƙwace mata. "Na yi ta tunowa har kaina na neman tsagewa. Wani lokaci in ga kaina ina zubarwa, wani lokaci in ji nauyinsa a aljihu. Ban sani ba!"

"Ke nan lokacin da na rungume ki, mai yiwuwa yana jikinki."

"Ban sani ba."

Ya matso zai riƙe ta. Ta ɗago kai.

Ba ta san lokacin da ta yi ba. Ta shafe shekaru tana ɗaga fatar idon majinyata tana duba baƙin tsakiya, don duk wanda irin maganin nan ke jininsa, ƙwayar idonsa kan tsuke ta koma kamar bakin allura. Idonta ne ya yi aikin da ya saba, bai nemi izininta ba. Ta duba na dama, ta duba na hagu.

Hannuwan Royce suka tsaya a iska. Ya san wannan kallon, an sha yi masa shi a asibitoci da ofishin 'yan sanda. Daga gare ta ne kawai bai taɓa gani ba.

"Me kika gani?"

Ta girgiza kai da ƙarfi.

"Ba komai. Ba duba ka nake ba."

"Kin duba. Me kika gani?"

Sun tsuke. Ƙanana ne ƙwarai. Amma rana ce tsaka a kan tudu, tana dukan fuskarsa kai-tsaye, kuma a irin wannan haske idon kowane ɗan Adam haka yake komawa.

"Rana ce, Royce. Rana ta yi yawa, ba a iya gane komai."

"To mu shiga inuwa." Ya nuna barandar gidan. "Ga ta nan, taku kaɗan ne. Mu shiga ki sake dubawa."

"A'a."

"Mu shiga mana, hankalinki ya kwanta."

"Na ce a'a! Na yarda da kai, ba sai na duba ba!"

"Da kin yarda da ba ki duba na farko ba." Muryarsa ba ta tashi ba, sai ma sanyi da ta yi. "Ban ga laifinki ba, Twi. Ni ma da ni ne ke, zan duba. Yau sai mu shiga inuwa ki ga idona garau, ki yi kuka, ki ba ni haƙuri. Gobe fa? Aikinki ke nan har tsufa. Duk ranar da sirinji ya ɓata, duk ranar da na dawo gida a makare, duk ranar da barci ya ɗauke ni a kujera da rana, za ki tsaya a kaina kina leƙen idona. Ni kuma in yi kamar ban gani ba."

"Ba zan yi ba. Na rantse ba zan ƙara ba."

"Za ki yi. Kuma ya kamata ki yi." Hawaye ya gangaro masa, bai share ba. "Na ɗauka shekara huɗu ta isa. Ashe abin nan ba a gama biyansa."

Ta kama gaban rigarsa da hannu biyu.

"Zan bar karatun. Su riƙe takardarsu, su riƙe lasisin. Zan yi aiki a kanti, zan yi wanke-wanke, ban damu ba."

"Sai in zama na ci Denny, na ci ƙanwarsa? Mis Verna ta wuce ni a hanya in kalle ta da wane ido?" Ya ɓamɓare yatsunta daga rigarsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai tsoron kada su karye. "Ban ɗauka ba, Twila. Sau ɗaya zan faɗa, ba zan maimaita ba. Ranar Juma'a idan suka tambaye ki, ki ce musu babu komai tsakaninki da Royce Mullins. Ba ƙarya za ki yi ba."

"Royce, don Allah."

"Ki bar Garrett ya tsaya miki. Mutumin kirki ne, shi ya sa ban taɓa iya ƙinsa ba."

Ya juya ya kama tsani.

"Royce! To mu shiga inuwar! Na yarda, mu shiga!"

Ya tsaya, ƙafarsa ɗaya a kan tsani, bayansa gare ta. Har ta ga kamar zai juyo. Sai ya ci gaba da hawa.

Ta tsaya ita kaɗai a tsakar filin, rana na dukanta, tana kiran sunansa. Daga saman rufin gidan da aka ce nata ne guduma ta fara sauka a kan kwano, da ƙarfi, ba ƙaƙƙautawa, har ta daina jin muryar kanta.